Faifai na Bakwai

A bazarar 1989 kwamfuta ɗaya ce tak a ofishin raya aikin gona na Dutsin-Ma, mutum ɗaya ne kuma ya iya ta. Sunansa Cornelius, mutumin wajen Zonkwa, dogo, marar yawan magana, ya ɗan ba arba'in baya. Da aikin akawu ya fara a garin, yana kwafe alƙaluman ruwan sama da na amfanin gona daga fom zuwa manyan littattafai. Da aka kawo na'urar sai aka tura shi kwas na wata uku a Zariya, ya dawo aka danƙa masa makullin ɗakinta.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan sito. Tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da katako saboda zafi. Ba mai shiga sai shi. Masinja kan tsaya daga bakin ƙofa ya miƙo takarda, kamar wanda ke tsoron kada ya taɓa wani abu ya lalace.

Da can ba haka rayuwarsa take ba. Kafin a yanke Jihar Katsina daga Kaduna, su shida ne 'yan kudancin Kaduna a ofishin. Ran Lahadi in an taso daga coci sukan haɗu a gidansa, matarsa Zipporah ta dafa fate, 'ya'yansa mata biyu, Dina da Justina, su cika tsakar gida da hayaniya. Da aka yi sabuwar jiha, aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa. Julius ya tafi, Abraham ya tafi, sauran ma suka bi. Zipporah malamar firamare ce, takardarta ta fito tun a zangon farko, ta kwashi yara suka koma gida. Shi kaɗai aka ce ya ɗan dakata sai an sami wanda zai karɓi kwamfutar. Wannan ɗan dakatawa ya kusa shekara biyu.

Ba wanda ya ƙi shi a Dutsin-Ma. Mai gidan da yake haya, Alhaji Ɗanmusa ɗan kasuwar hatsi, ba ya wucewa bai tambaye shi iyali ba, da salla kuma sai an aiko masa da abinci har kwano uku. Amma gaisuwa ce ta bakin ƙofa. In ya shiga ɗaki ya rufe, sai shi da risho da rediyo, da gadon yara wanda ya jingine a bango don bai san abin da zai yi da shi ba.

Wata Litinin shugaban ofishin, Malam Bilya, ya kira shi. A kan teburinsa akwai kwali da wasiƙa daga hedikwata.

"Malam Cornelius, zauna. Na karanta wasiƙar nan sau biyu, ban fahimci komai ba sai sunanka. Duba ka faɗa mani da Hausa."

Cornelius ya karanta. Sannan ya yi ƙoƙarin bayani. Ya ce kwamfuta ba ta aiki da kanta, akwai wani tsari da ke tuƙa ta, shi ke tashi da zarar an kunna, shi ke karɓar umarni ya kuma adana abin da aka rubuta. Wanda suke amfani da shi sunansa Dos. Yanzu hedikwata ta aiko da wani, Ziniks, don sabon shirin tattara alƙaluma na jiha a kansa kaɗai yake tafiya. Amma an ce kada a taɓa tsohon, domin duk aikin shekarun baya da shi aka yi shi.

"To, ina za a sa sabon?"

"Ranka ya daɗe, akwai babban faifai a cikinta, nan komai yake zaune. Shi zan raba biyu. Tsohon ya ɗauki sashe ɗaya, sabon ya ɗauki ɗaya. In an kunna, mutum ya zaɓi wanda zai shiga."

"Ai ba wuya ke nan."

"Wuyar ita ce, ba a raba shi da kaya a ciki. Da an raba, duk abin da ke kansa ya shafe. Sai na fara kwashe komai a ƙananan fayafai, in raba, sannan in mayar."

Malam Bilya ya ce, "Kai ka san aikinka. Amma ka ga layin ƙarshe? Sun ce in an gama wannan za su duba maganar sakinka."

Ya gani. Tun kafin ya karanta sauran idonsa ya faɗa kan layin.

Washegari ya fara kwasa. Ƙananan fayafan baƙaƙe ne, masu faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, kowanne cikin rigarsa ta takarda. Ya zura ɗaya, na'ura ta yi ta gurnani tana rubutu, ta nemi na gaba. Yana cirewa yana manna lamba. Sai da ya cika goma sha huɗu. A cikinsu akwai ruwan sama na ƙauyuka ashirin da uku, da nauyin gero da dawa da wake na gonakin gwaji, tun daga 1975.

Littafin da ya zo da kwalin ya faɗa ƙarara cewa a gwada kowane faifai a tabbata yana karantuwa kafin a raba. Cornelius ya san haka tun a Zariya. Amma ƙarfe ɗaya ta wuce, mai kula da janareto ya leƙo ya ce ƙarfe biyu zai kashe, gobe ma ba tabbas a tayar. Gwajin zai ci sa'a biyu. Ya dubi fayafan a jere, sababbi ne fil daga leda. Ya tuna layin ƙarshe na wasiƙar. Sai ya kira shirin rabawa, ya ba tsohon tsarin kashi ɗaya cikin uku, ya bar sauran fili don sabon. Na'urar ta gargaɗe shi da Turanci cewa komai zai ɓace, ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna e.

Ba ta ɗauki ko minti ɗaya ba.

Sai ranar Alhamis aka sake tayar da janareto. Ya ɗora tsohon tsarin a sashensa, ya tashi lafiya. Ya fara mayar da kaya. Faifai na ɗaya ya shiga, na biyu, har na shida. Da ya zura na bakwai sai ƙarar ta canza. Maimakon gurnanin da ya saba, sai wani ƙarƙar, ƙarƙar, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, sannan rubutu ya fito cewa ba ta iya karantawa. Ya ciro, ya hura, ya mayar. Haka. Ya kashe na'urar ya bar ta ta huce, ya sake. Haka dai. Ya ɗaga faifan ga hasken ƙwan lantarki, bai ga ko ƙwarzane ba.

Ya tsallake shi ya mayar da sauran bakwai, duk suka shiga. Sannan ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya don ya ga abin da ya ɓace. Yawancin abin da ke kan na bakwai wasiƙu ne da rahotanni waɗanda akwai kwafinsu a fayil. Abu ɗaya ne babu shi a ko'ina: ruwan saman Barkiya, shekara goma sha biyu.

Ya tafi sito neman fom na asali. Rabinsu an kwashe zuwa Kaduna lokacin rabon kayan jiha, wanda ya rage kuwa gara ta yi gini a kansu. Ya ɗaga ɗauri ɗaya, ya zube masa a hannu kamar gari.

Ya koma ɗakinsa ya zauna. Fanka na juyawa. A gabansa ga alƙaluman Kurfi, wadda ba ta da nisa da Barkiya. In ya kwafe su ya ɗan ƙara nan ya rage can, ba wanda zai gane har abada. Shi kaɗai ke karanta waɗannan lambobi a duk faɗin ofishin. Ya buɗe sabon shafi, ya rubuta Barkiya a sama, ya cika layi uku. A na huɗu ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗigon da ke ƙiftawa a gilashin na'urar. Sai ya goge, ya kulle ɗakin, ya nufi ofishin Malam Bilya.

"Laifina ne, ranka ya daɗe. An ce a gwada, ban gwada ba."

Malam Bilya bai yi faɗa ba. Mamaki ma ya yi. "Barkiya? Ai tun da Malam Ilu malamin gona ya yi ritaya ba a ƙara karɓo nasu ba. Shekara biyu ke nan. Wani dattijo ne ke auna mana a can, Malam Ilu ke kwafowa daga littafinsa. Ban san ko yana raye ba. In kana ganin ya cancanci wahalar, ga babur ɗin ofis nan."

Da sassafe ran Juma'a ya kama hanyar Kurfi, da sabon littafi da biro uku a jaka. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta sunayen ƙauyukan nan, bai taɓa taka ko ɗaya ba. Gonaki duk an yi sharar su, an tara karmami an ƙone, ƙasa a shimfiɗe ana jiran ruwa. A Kurfi ya tsaya wajen wani mai faci ya yi tambaya.

"Mai auna ruwa? Malam Sodangi ke nan. Bi hanyar shanun nan, in ka ƙetare rafi ka tambayi kowa."

Hanyar yashi ce. Sau biyu yana sauka yana tura babur. Rana ta take sosai kafin ya isa.

Gidan Malam Sodangi shi ne na ƙarshe a gabashin gari. Cornelius ya yi sallama, wani tsoho siriri mai farin gemu ya fito yana gyara hula. Suka gaisa, tsohon ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya shiga ya kawo ruwa a ƙwarya. Sai da baƙo ya sha sannan ya tambaye shi daga ina.

"Daga ofishin gona na Dutsin-Ma, Baba. Sunana Cornelius."

"Mi?"

"Cornelius."

Tsohon ya gwada sau biyu ya kasa, ya yi dariya. "Malam Koni dai. To, Malam Koni, kun tuna da ni ashe."

Cornelius ya faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo shi. Bai san yadda zai kwatanta faifai ba, sai ya ce abin da suke ajiye alƙaluman a ciki ne ya lalace ta dalilin gaggawarsa. Ya tambaya ko tsofaffin littattafan na nan.

"Taso ka gani."

Bayan gida, a bakin gona, an kewaye wani ɗan fili da ƙaya saboda awaki. A tsakiya ga ma'aunin, tulun ƙarfe mai mazurari a baki, an kafa shi a kan dakalin siminti. An goge shi tas, ko ganye babu a ciki.

"Har yanzu kana aunawa, Baba?"

"Ba a ce mani in bari ba. An dai daina zuwa."

Suka koma zaure. Tsohon ya ƙwala wa matarsa kira, Gwaggo Tani, ta turo wata adaka ta ƙarfe har bakin ƙofa. A ciki, naɗe a tsohon zane, littattafan makaranta ne guda goma sha huɗu, kowace shekara da nata. Cornelius ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Ya ɗauki na sama ya buɗe, sai murnarsa ta tsaya. Rubutun ajami ne da tawada, daga dama zuwa hagu, lambobin ma irin na Larabci. Ko ɗigo ɗaya bai iya karantawa ba.

Malam Sodangi ya lura. "Malam Ilu shi ya iya duka biyun. To, ba komai. Ni in karanta, kai ka rubuta. Kana sauri?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Ni ma haka."

Suka fara bayan tsohon ya dawo daga masallacin Juma'a. Yakan ɗaga littafin nesa da idonsa, ya bi layi da yatsa. "Ashirin da ɗaya ga Mayu, milimita goma sha biyu. Uku ga Yuni, bakwai da rabi." Cornelius na rubutawa yana maimaitawa. Da watan Bature ya rubuta kwanakin, don kowace shekara Malam Ilu kan kawo masa kalanda. Da aka daina kawowa, sai ya riƙa roƙon ta wajen wani mai kanti a Kurfi.

Aikin bai yi sauri ba, domin tsohon ba ya iya wuce shekara bai faɗi abin da ya faru a cikinta ba. A wannan ruwan ne katangar masallaci ta faɗi. Wannan kuma ranar da aka haifi jikarsa ne, shi ya sa ya makara bai auna ba sai hantsi, ya ma rubuta hakan a gefe. Da farko Cornelius na duba agogo a ɓoye. Daga baya ya cire agogon ya sa a aljihu.

Da la'asar Gwaggo Tani ta aiko da fura da nono. Tsohon ya tambaye shi iyali. Tambaya ce da ake yi masa kullum, kullum kuma amsarsa lafiya lau. Amma yau aka bi ta da wata.

"Suna nan Dutsin-Ma tare da kai?"

"A'a. Suna gida, can kudu."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa masa. Sai ya tsinci kansa yana ba da labarin da bai taɓa ba kowa ba a garin: yadda ya je Kirsimeti ya tarar Justina, ƙaramar, tana jin kunyarsa tana ɓuya bayan uwarta, da yadda wasiƙun Zipporah suka koma gajeru, ba don fushi ba, don dai abin faɗa ya ƙare. Tsohon ya ce, "Allah Sarki." Ya tura masa ƙwaryar furar.

A zauren ya kwana. Kafin asuba aka yi ɗan yayyafi, na farko a shekarar. Gari na wayewa tsohon ya tashe shi suka zagaya baya. Ya cire mazurarin, ya tsiyaye ruwan cikin wani siririn gilashi mai zane-zane, ya ɗaga shi daidai ido.

"Duba mani, idonka ya fi nawa."

"Uku ne, Baba. Uku da ɗan kaɗan."

"Uku. Bai isa shuka ba. Amma za ka ga masu gaggawa sun fita." Ya zubar da ruwan a gindin wani ɗan zogale.

Da hantsi suka iso 1984. Littafin wannan shekara shafi ɗaya da rabi ne kawai. Tsohon ya karanta shi a hankali, ba labari. A tsakiyar Agusta, inda ya kamata layuka su cunkushe, kwana goma sha tara ne ba ko ɗigo.

"Kullum da safe sai na zo na buɗe," in ji shi. "Na san babu, amma sai na buɗe. Shekarar nan ce ɗana Jibo ya sayar da shanun da suka rage ya tafi Ikko. Ya aiko wasiƙa sau biyu." Ya rufe littafin ya ɗauko na gaba. Bai buɗe ba tukuna. "Malam Koni, in tambaye ka. Alƙaluman nan, ina suke zuwa?"

Cornelius ya so ya ce gwamnati na amfani da su wajen tsara iri da taki, kamar yadda ake rubutawa a rahoto. Amma bai tabbata ba.

"Wajena suke zuwa, Baba. Ni ke shigar da su. Duk ƙarshen shekara ina aika jimla hedikwata. Abin da suke yi da ita, ban sani ba."

"To kai kana karantawa?"

"Kowane layi."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Shi ke nan. Da ina zaton ba su isa ko'ina." Ya buɗe 1985.

Sun gama bayan azahar, har da shekara biyun da ba a karɓa ba. Gwaggo Tani ta ɗaure masa ƙullin kuka da daddawa a bayan babur, ta ce gwauro ma yana miya. Tsohon ya raka shi har bakin rafi.

Kwana uku ya yi yana shigar da alƙaluman. Wannan karon ya kwafe su a faifai biyu, ya gwada kowanne. Sannan ya juya kan sabon tsarin.

Fayafan Ziniks sun fi ashirin. Ya zura na farko ya kunna, na'urar ta tashi da wata fuska da bai sani ba. Ta nuna masa babban faifan da sashen Dos a gefe da filin da ya bari, ta tambaya ko ta cinye duka ko ta tsaya a filin. Ya karanta tambayar sau uku, ya duba littafi, ya sa yatsa a kan lambar kafin ya danna. Daga nan ta ce za ta bincika filin ko akwai wurin da ya lalace. Binciken ya ci sa'a uku. Ba abin yi sai kallon lambobi suna hawa. Ya ci gyaɗa, ya share ɗakin, ya zauna. Ta bangon yana jin sauran ma'aikata suna gardamar ƙwallo a baranda, wani ya yi dariya har da tari.

Washegari, Juma'a, ya ci gaba. Faifai ya shiga, faifai ya fita. Ta nemi kwanan wata, ya ba ta. Ta nemi kalmar sirri ta mai kula da ita, ya rubuta sunan Justina. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ta ce an gama, a kashe a sake kunnawa.

Ya kashe. Ya ƙirga goma. Ya kunna.

Ta tsaya tana jiran zaɓi. Ya bar ta ta wuce bai zaɓi komai ba, sabon tsarin ya tashi, ya nemi suna da kalmar sirri, ya buɗe. Ya sake kashewa ya kunna, wannan karon ya rubuta sunan tsohon. Dos ya tashi kamar ba abin da ya faru, ga ƙauyuka ashirin da uku a jere, Barkiya a cikinsu. Ya sake gwadawa, sannan ya sake. Duka biyun suna tashi.

Ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi, ya buɗe ƙofa ya fito baranda. Ba kowa. Duk an tafi masallaci. Ofisoshi a kulle, kekuna biyu a jingine, wata akuya na cin takarda a bakin kwandon shara. Ya tsaya a nan ɗan lokaci, hannunsa a kan ƙofar. Sai ya koma ciki ya ɗaga kujerar.

Da yamma ya zauna rubuta wa Zipporah. Ya fara bayanin sashe biyu da yadda ake zaɓa, ya ga ba za ta gane ba, ba kuma laifinta ba ne. Ya yaga. A sabuwar takarda ya rubuta cewa aikin da aka ba shi ya gama, yana lafiya, a gaishe da yara.

Bayan sati uku wasu mutum biyu suka zo daga Katsina da farar mota. Matasa ne, sun yi karatun kwamfuta a jami'a. Ɗaya daga cikinsu ya zauna gaban na'urar, ya shiga wannan ya shiga wancan, bai fi minti goma ba ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce da ita za su tafi. Sabon tsarin na iya ɗaukar mutum huɗu a lokaci ɗaya, a hedikwata aka fi buƙatarsa, daga yanzu fom kawai Dutsin-Ma za ta riƙa aikowa. Ya ciro ambulan daga jaka ya miƙa wa Malam Bilya, Malam Bilya ya buɗe, ya miƙa wa Cornelius yana murmushi.

"Barka. An sake ka. Ƙarshen wata."

Cornelius ya yi godiya. Ya roƙi a ba shi rabin sa'a. Ya kunna firinta ya buga ruwan Barkiya gaba ɗaya, shekara goma sha huɗu, a saman shafin farko ya sa sunan wanda ya auna. Sannan da hannunsa ya cire wayoyi, ya naɗe na'urar a bargo, ya taya su sa ta a mota. Ya rubuta musu kalmar sirri a 'yar takarda. Saurayin ya duba ya ce za su canza ta in sun isa.

Abin da ya shekara biyu yana jira ke nan, ya kuma yi murna. Amma da ya koma ya ga teburin da shatin inda na'urar ta zauna, sai ya rasa abin da zai yi da sauran ranar.

Asabar ta ƙarshe ya sake aron babur. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, hanyar Barkiya ta yi tauri ta fi daɗin bi. Ya yi sallama a ƙofar gidan, Gwaggo Tani ce ta fito.

"Malam Koni! Ayya, kun yi saɓani. Tun jiya ya tafi ta'aziyya wajen Kurfi, ƙanensa ya rasu. Ya ce yau zai dawo, amma ban san da wane lokaci ba."

Ya yi mata gaisuwa, ya ce zai jira. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta kawo dambu. Ya zauna yana kallon hanya. Mutane na wucewa da fartanya a kafaɗa suna gaishe shi. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Gabas ta fara haɗa baƙin hadari.

Gwaggo Tani ta leƙo. "In ruwan nan ya sauko rafi zai kawo, ba ka ƙetarewa sai jibi. Yaushe ne tafiyar taka?"

"Gobe da safe, Gwaggo. Motar kaya na jirana."

"To tashi, ɗana. Zan faɗa mashi."

Ya ba ta takardun a cikin leda. Ya nuna mata layin sama ya ce sunan Malam ne a nan, sauran kuma duk abin da ya auna ne, ba a bar ko ɗaya ba. Ta riƙe su da hannu biyu tana kallo, a juye.

"Wa zai riƙa zuwa karɓa yanzu?"

"Na rubuta a takardar miƙa aiki cewa a riƙa turo malamin gona duk wata. Na faɗa wa shugabanmu ma da baki."

"Za su zo?"

"Ina fata, Gwaggo."

Ya tayar da babur. A hanyar Kurfi iska ta fara kaɗa gero, mutane na sauri suna komawa gida. Duk dattijon da ya hango da farar riga sai ya rage gudu ya duba fuskarsa. Ya yi haka har sau biyar. Yana shiga kwalta ruwan ya sauko, ya sunkuyar da kai ya kama hanyar Dutsin-Ma.